Garkunan lemu a bakin Gulbin Maraɗi

Da bazara na tashi daga Damagaram zuwa Maraɗi, don in ga da idona yadda masu garka na bakin gulbi ke yi wa lemu ban ruwa. Motarmu ta bi ta Takeita, Tasawa, Gazawa, Agye da Cadawa, ko'ina ƙasa ta bushe ƙamas, sai gawo da ke tsaye da ganyensa a gonaki. Na kwana a gari, da sassafe na hau kabu-kabu muka yi kudu, hanyar Jiratawa.

Gulbin ba ruwa a wannan lokaci, yashi ne zalla. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa Madarunfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji, sa'annan ya koma Najeriya, kuma da damina kaɗai yake gudu. Dattawan wurin sun ce tun da aka gina madatsar Jibiya bai ƙara cika kamar da ba. Ruwan da garkuna ke sha yana ƙarƙashin ƙasa. A Jiratawa, inda ONAHA, hukumar gwamnatin Nijar mai kula da ayyukan noman ban ruwa, ke kula da filin noman rani tun farkon shekarun 1980, daga rijiyoyin burtsatse ake jawo shi a sako cikin magudanan siminti. Zogale ya fi komai yawa a can. Lemun sai a garkunan mutane da ke gefe.

Garkar farko ta wani dattijo ce, lemun tsami da lemun zaƙi masu aure. Na tarar da shi yana sakin ruwa daga inji, yaransa na karkata shi da fartanya daga itace zuwa itace. Kowane itace an yi masa gurbi biyu: ƙaramar ganuwar ƙasa ta kewaye gindin, babba kuma ta bi iyakar inuwar rassa, ruwa na kwanciya a tsakaninsu.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ku barin ruwan ya kai gindi?"

Ya kama hannuna ya kai ni wajen wani tsohon itace da ɓawonsa ya tsage yana zubar da ƙaro. Ya ce, "Ɗana, ka ga abin da jiƙa gindi ke jawowa. Wannan tun kafin in san haka na dasa shi. Saiwar da ke shan ruwa tana can ƙarƙashin bakin rassa, ba ta da zurfi."

Gaskiyarsa. Abin da ke kawo cutar ƙaron nan wani abu ne mai kama da naman gwari da ke zaune cikin ƙasa, danshi yake so, kuma in ya kewaye gindi itacen ya tafi. Na ga garkuna da yawa a hanya inda ake tara ruwa har ya shafi kututture, raina bai so ba, domin shekaru ake yi ana jiran itacen lemu kafin ya fara biyan wahala.

Matsalar dattijon ita ce tsadar mai. In aljihu ya yi sanyi sai ya tsallake ban ruwa, in kuɗi sun samu ya malala da yawa. Lemu ba ya son haka. Ƙishi a lokacin fure da ɗaurin ƴaƴa shi ke sa su zube tun suna ƙanana. In kuma ƴaƴan sun girma cikin ƙishi aka kwarara musu ruwa farat ɗaya, cikin ya kumbura ya fi ƙarfin ɓawo, sai su fashe a kan reshe. Ya nuna mini irinsu a ƙasa, ƙudaje sun rufe su. A lissafin masana, lemu na buƙatar ruwa milimita 900 zuwa 1200 a shekara, Maraɗi kuwa abin da take samu bai wuce wajen 500 ba, shi ma cikin wata uku zuwa huɗu. Sauran watannin duka a wuyan mai garka suke.

Can gaba, wajen jigawa, wani matashi ya sa faranti masu aiki da hasken rana, da tanki a bisa, da siririn tiyo mai ɗigo a layin itatuwa. Ƙasar tsakanin layuka a bushe take, ba ciyawa, amma da na tona ƙarƙashin tiyon sai ga danshi. Ya yanka mini tanjarin: ɓawo siriri, ruwa cike, girmansu kusan ɗaya. Ya ce dillalai sun fi son haka, don ba sai sun zauna tsince ba. Wahalarsa yashi ne, wanda ke toshe ƙofofin tiyon, shi ya sa kullum sai ya wanke matata ya bi layi yana dubawa. Ya ƙara da cewa idan lemu ya kusa nuna yakan rage ruwa kaɗan don zaƙi ya taru, domin mai shan ruwa da yawa a ƙarshe salam yake fitowa.

A ganina tiyon ɗigo ya dace da jigawa, inda ruwa ke tsiyayewa nan da nan. A fadama mai laka kuwa gurbi biyun dattijon ya isa, muddin ruwan na zuwa a kan lokacinsa. Akwai ma masu binne bututun roba daga rijiya zuwa bakin gurabu, ruwa ba ya ɓacewa a hanya, mai ma ya ragu.

Kafin in hau mashin, matashin ya gaya mini dabarar masu lemun tsami: a hana itace ruwa na ƴan makonni har ganye ya fara lanƙwashewa, sa'annan a ba shi, sai ya fashe da fure, a daidaita nunarsa da lokacin da lemu ke tsada a kasuwa. Na tambaye shi ko yana yi. Ya ce, "Yaya, a manyan itatuwa kawai. Ƙarami a cikin yashin nan, in ka hana shi ruwa da zafin Afrilu, ba zai tashi ba."