Cefane a Bronx: Takardar Rangwame Sai an Jira Farashi Ya Faɗi

Shekarar 2022 ce ta sa na zauna da biro da littafi a kan cefanen gidana. A wannan shekarar kuɗin kayan abinci a kantunan Amurka ya tashi da fiye da kashi 11 cikin ɗari, hauhawar da aka yi sama da shekara 40 ba a ga irinta ba. Mu da ke zaune a Bronx, a birnin New York, kuɗin haya ya riga ya kwashe kaso mafi tsoka na abin da muke samu. Maigida yana tuƙin tasi, ni ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ga yara, ga 'yan uwa a gida da ke zuba ido ƙarshen wata. Haya ba ta raguwa, kuɗin wuta ba ya raguwa, abin da za a aika gida kuwa ba na son in taɓa shi. Cefane kaɗai ya rage mini wurin da zan iya motsawa.

Wata baiwar Allah 'yar Kumasi da muke haɗuwa a masallaci ce ta buɗe mini ido. Ta girme ni, ta kuma daɗe a ƙasar nan. Ta ce mini, "Ƙanwata, takardar rangwame ba a kashe ta ranar da aka same ta. Ajiye ta za ki yi, sai kanti ya karya farashi da kansa, sannan ki ɗora ta a kai." Na ce, "Yaya, idan wa'adinta ya ƙare ina jira fa?" Ta ce, "Sai ta ƙare. Ba ki yi asarar ko sisi ba, tunda kuɗinki na aljihunki."

Duk abin da na koya daga baya a kan wannan maganar ya ginu.

Takardun nan iri biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba zai yi ta wahalar banza. Akwai wadda kamfanin da ya yi kayan ke fitarwa, kamar masu yin sabulun Tide ko ƙunzugun Pampers. Idan kika miƙa ta, kanti zai rage miki kuɗin, daga baya kamfanin ya biya kantin har da ɗan ladan wahala. Akwai kuma wadda kantin da kansa ke bayarwa daga cikin ribarsa. Kantuna da yawa, irin su Target da CVS, suna yarda a haɗa ta kamfani ɗaya da ta kanti ɗaya a kan kaya guda. Ta kamfani biyu a kan abu ɗaya ne ba a yarda ba. Sanin cewa kantin ba ya asarar komai shi ya cire mini nauyin da nake ji a gaban mai karɓar kuɗi, domin da farko gani nake kamar roƙo nake yi. Ba roƙo ba ne. Talla ce da kamfanoni suka ƙirƙiro don amfanin kansu, tun 1887 da aka fara raba takardar shan kofin Coca-Cola kyauta. Su suka kawo tsarin, su suka gindaya sharuɗɗansa, ni bin sharuɗɗan kawai nake yi.

Ga yadda lissafin yake. A ce robar sabulun wanki dala 13 ce a kullum, ina kuma da takardar ragin dala 3. Idan na saya yau, na biya 10. Idan na haƙura har makon da kanti ya mayar da ita dala 9, sai in biya 6. In kuma an yi sa'a a CVS ne, a makon da suke mayar wa mai saye wasu daloli a jikin rasit idan ya kashe wani adadi, sai in riƙe wannan rasit ɗin in sayi man goge baki da shi a zuwa na gaba. Takarda ɗaya ce, amma lokacin fito da ita ya raba 10 da 6.

To, ta yaya mutum zai san cewa ragin na gaskiya ne? Nan littafin nan ya yi mini rana. Na rubuta kayan da ba ma rabuwa da su a gidan: shinkafa, man girki, tumatirin gwangwani, taliya, sukari, fulawa, madara, ganyen shayi, sabulun wanka da na wanki, takardar banɗaki. A gaban kowanne nakan rubuta farashi mafi ƙasa da na taɓa gani, da kantin, da watan. Bayan 'yan watanni sai na ga abin yana zagayowa. Yawancin kayan nan sukan faɗi, su tashi, su sake faɗuwa bayan kamar wata biyu zuwa uku. Daga nan na daina sayen na mako guda. Idan taliya ta kai ƙasa, sai in sayi wadda za ta kai mu zagaye na gaba, kamar yadda iyayenmu ke sayen hatsi da kaka su zuba a rumbu kafin bazara ta tsauwala.

Jar takardar da aka manna a jikin kanta ba ta ruɗa ni yanzu. Ƙaramin rubutun da ke gefen farashi nake dubawa, wanda ke nuna kuɗin kowane fam ko kowane oza, wato ma'aunan nauyi na ƙasar nan, kuma dokar jihar New York ta wajabta wa manyan kantuna su rubuta shi. Da shi na gane cewa babban buhu ba kullum ya fi araha ba. Akwai makon da ƙananan ledojin shinkafa da aka yi wa ragi suka fi buhu mai fam 20 sauƙi idan aka auna fam da fam.

Shekara ma tana da nata zagayen. Kantin ShopRite yana da gagarumin ragin kayan gwangwani da ake kira Can Can, wanda suke yi a watan Janairu tun 1971. Nan nake ɗibar tumatir da wake da kifin gwangwani. A watan Nuwamba, gabanin bikin godiya da Amurkawa ke yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan, fulawa da sukari da man shanu sukan sauko sosai, don kowane gida na shirin gashe-gashe. Ƙarshen Agusta, lokacin komawa makaranta, sai kayan karin kumallon yara. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne jim kaɗan bayan Janairu, don haka ragin Nuwamba da na Janairu su ne shirin azumina. Fulawar fanke da sukarin kunu tun kafin a ga wata suna cikin kabad.

Sai dai akwai inda takardar ba ta kaiwa, kuma gara in faɗe shi ƙarara don kada wata ta ɗauka rabin kuɗin cefanenta zai dawo. Abincin da muke ci na gaske ba shi da takardar rangwame. Doya, manja, garin rogo, kuka, daddawa, busasshen kifi, duk a shagunan 'yan Afirka muke saye, kuma yadda mai shago ya faɗa haka za ki biya. Nama a wurin mahaucin halal. Ƙwai ma da murar tsuntsaye ta sa dozin ya haura dala 6 a watan Maris na 2025, har wasu ƙananan shagunan unguwarmu suka koma sayar da shi uku-uku a leda, babu takardar da ta cece mu. Mafi yawan takardun da ake fitarwa na kayan kwalama ne, da abincin da aka daskarar, da kayan zaƙi. Wasu ma akwai gelatin a ciki, wanda a nan galibi daga alade ake samo shi, don haka duk arahar abu sai na juya bayansa na karanta. Abin da ba ma ci, ko kyauta aka ba ni ba ragi ba ne a wurina. Inda nake samun sauƙi na gaske shi ne sabulai, kayan tsafta, ƙunzugu, man girki, taliya da gwangwanaye. Abin da na tsira da shi a can shi nake kai wa mahauci da mai doya, kuma ina ganin wannan ita ce hanyar da ta dace da gida irin namu.

Wani lokacin ma takardar ba ta da amfani gaba ɗaya. Kantunan Aldi da Costco ba sa karɓar ta kamfani, amma farashinsu na yau da kullum kan doke na wani kantin ko an haɗa ragi biyu. Haka kayan da kanti ke yi da sunansa, irin Bowl & Basket na ShopRite: sukari sukari ne, gishiri gishiri ne, ba na biyan kuɗin suna.

Lokaci ma kuɗi ne ga mai aikin awa. Ba na zagaya kantuna huɗu don tsira da dala biyu, alhali motar haya kaɗai kusan dala 3 ce, ga jan keken cefane a kan ƙanƙara, ga hawa bene da kaya. Daren Asabar nakan duba ragin mako a waya, in zaɓi kanti ɗaya, in ya yi yawa biyu, in rubuta abin da zan saya, in tsaya a kansa. Ɗaki kuma ƙarami ne. Shinkafa da fulawa a bokiti mai murfi suke saboda ɓera da kyankyaso, kowane gwangwani kuma na rubuta ranar lalacewarsa da babban alƙalami a samansa, tsoho a gaba, sabo a baya. Idan na je na tarar kayan ragin sun ƙare, nakan je teburin kula da masu saye in nemi takardar da za ta ba ni damar saye a farashin nan idan an kawo wasu. Mutane da yawa ba su san da ita ba. Kuma ba na kwashe kayan ragin kaf. Matar da ke bayana ita ma yara gare ta.

Abin da ya yi saura na sabulu da man goge baki, wani yakan shiga gangar da muke aikawa gida ta jirgin ruwa, wani kuma in kai wurin rabon abinci na masallaci.

Abu ɗaya da ke damuna shi ne yadda takardun suka koma cikin waya. Da can a jaridar Lahadi ake samunsu, a yanka da almakashi. Yanzu sai kin sauke manhajar kanti, kin yi rajista da lambar wayarki, kin danna kowane ragi kafin ki isa wurin biya, in ba haka ba cikakken kuɗi za a caje ki. Akwai kuma manhajoji irin su Ibotta, da za ki ɗauki hoton rasit su mayar miki da wani abu, sai ya taru ya kai dala 20 ki cire. A madadin haka kanti ya san duk abin da gidanki ke ci. Na auna, na yarda da wannan cinikin, amma da sanina na yarda. Waɗanda tsarin ya bari a baya su ne iyayenmu mata, waɗanda ba sa karanta Turanci ko ba su saba da wayar shafa ba, alhali su suka fi kowa buƙatar ragin. Tsohuwa za ta ga an rubuta dala 2 a kanta, a wurin biya a ce mata 4, ta biya ta fito ba ta san dalili ba. Shi ya sa ranar Lahadi, idan muka kai yara Islamiyya muna jiran a tashi, nakan karɓi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya in danna musu ragin makon, in kuma gaya wa kowacce, "Hajiya, idan kin je, ki fara ba su lambar wayarki kafin su fara lissafi."