Abin da malamin wasan kwaikwayo ke gani daga kujerar 'yan kallo

Ranar Asabar da ta gabata na je kallon wasan kwaikwayo a zauren wasanni, abin da na daɗe ban samu sukunin yi ba, domin wanda ya shafe mako yana koyar da wasa a makarantar sakandare yakan kai ƙarshen mako ne da dusasshiyar murya, ba abin da yake marmari sai hutu. Duk da haka na daure na fita, saboda na yi imani cewa malamin da ya daina zama cikin 'yan kallo, sannu a hankali zai manta da mutanen da ake yin wasan dominsu.

Wasan labarin wani gida ne da rigimar gado ta raba kan 'ya'yansa, kuma manyan 'yan wasan sun yi rawar gani. Amma ni idona ya tsaya ne a kan wata da ta fito a matsayin 'yar aikin gidan, wadda maganarta a wasan gaba ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. A fitowar da 'yan'uwan biyu suka kaure da cacar baki, tana tsaye a gefen dandamali tana ninke zanen tebur. Da babban ya ambaci sunan marigayi mahaifinsu, sai hannunta ya tsaya cak, ba ta ɗago kai ba, ba ta waiwayo ba, ta ɗan jima a haka kafin ta ci gaba da ninkin a hankali. Da wannan ɗan tsaikon kaɗai ta sanar da mu cewa ta san mamacin fiye da 'ya'yan da ke faɗa a kan dukiyarsa.

Wannan sauraren shi ne abin da ya fi komai wuyar koyarwa. Ɗalibi mai ƙwazo yana iya haddace kalmominsa cikin 'yan kwanaki, amma da zarar abokin wasansa ya fara magana sai ka ga fuskarsa ta mutu, wani lokaci ma leɓɓansa na motsi yana bin maganar ɗan'uwansa, yana jiran zuwan nasa layin. Don haka a wajen gwaji nakan raɗa wa ɗaya daga cikinsu cewa ya faɗi maganarsa da taushi a inda aka saba jin ta da tsawa, in zuba ido in ga ko ɗayan zai lura. Wanda ya amsa da irin fushin da ya haddace, na san bai ji komai ba. Ba sabuwar damuwa ba ce a wannan sana'a: Konstantin Stanislavski, wanda shi da abokin aikinsa suka kafa shahararren gidan wasan kwaikwayo na birnin Mosko a 1898, ya dage a kan cewa ko wanda ya fito cikin taron jama'a ba tare da furta kalma ba, dole ne ya san ko shi wane ne da abin da ya kawo shi wurin.

Abu na biyu da na yi ta lura da shi a zauren shi ne murya. Babu wanda ya yi ihu, amma ko raɗa aka yi tana isa kujerun baya. Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa suka gina dandalin Efidaurus mai ɗaukar mutum kusan 14,000, inda 'yan wasa ke isar da magana ba tare da lasifika ba. Ginin yana taimakawa, amma sauran aikin na numfashi ne da fitar da haruffa sarai. A ajina nakan zaunar da ɗaliba ɗaya a can ƙarshen ɗaki, ta ɗaga hannu duk sa'ad da wata kalma ta ɓace mata, kuma wannan hannun ya fi duk wani dogon bayanina gyara yara.

Aikin ba ya rasa ɗawainiya. Sau da yawa sai mun ture tebura gefe kafin mu samu fili, kuma idan jarrabawa ta matso, lokacin darasinmu ake fara yankewa. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne rabon matsayi, domin yara da iyayensu duk da yawan layi suke auna darajar ɗan wasa. Kwanakin baya wani uba ya same ni cikin ladabi ya ce, "Malam, yaya aka yi ɗana bai samu magana da yawa ba?" Na gayyace shi ya zo gwajinmu na gaba ya gani da idonsa. Yaron zai fito ne a matsayin mai gadi, kuma yana kan dandamali tun daga buɗe labule har zuwa ƙarshen kashi na farko, yana jin sirrin da bai kamata ya ji ba, yana ɓoye cewa ya ji. Na ba shi matsayin ne saboda a duk ajin shi kaɗai na tabbatar zai iya riƙe hankalinsa tsawon wannan lokaci ba tare da ya saki jiki ba.