Makaɗin da sai ya yi shiru ake jin sa

Bana shekarata tara ina zaman situdiyo a Jos, a wani ɗan ɗaki da muka lulluɓe bangonsa da soso, daga ni sai kwamfuta da sifikoki biyu. Masu waƙar coci suna zuwa, 'yan hip-hop suna zuwa, masu waƙar biki da na siyasa ma idan kakarsu ta kama. A shekarun farko, da za ka tambaye ni wane ne gwanin jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya da ke riƙe gindin waƙa, da na nuna maka wanda yatsunsa suka fi gudu. Ido na bi, ban bi kunne ba, ga shi kuwa da kunne nake cin abinci.

Wata mawaƙiya ce daga Tudun Wada ta kawo waƙar Hausa, ta ce ta gaji da kiɗan fiyano, tana son a kaɗa mata da hannu. Maigidana, mai situdiyon, ya bar mini zaɓin makaɗa, ni kuma na kira wani yaro da na taɓa gani yana kiɗa a wani taro, jitarsa mai tsirkiya biyar, sabuwa fil. Kada in ci haƙƙinsa, yaron ya iya. Ya mari tsirkiya da babban yatsa, ya fizgo ta da manuni, ya hau can saman wuyan jita ya gangaro ba tuntuɓe. Ranar babu wuta, awa huɗu muna ƙona mai a janareta muna tafa masa. Washegari da safe na kunna aikin, kunne ya huta, sai na nemi mawaƙiyar na rasa. Muryarta tana nan, amma duk inda ta ja numfashi don kalma ta zauna a zuciyar mai sauraro, bes ya riga ya shige wurin ya baje kolinsa.

Maigida ya saurara bai kai ƙarshe ba ya ce in kira masa Baba na Bukuru. Wani dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa yana kiɗan hailayif da rege a otal-otal. Ya zo kafin lokacin da aka ba shi, da tsohuwar jita mai tsirkiya huɗu wadda fentinta ya goge a inda hannu ke zama. Bai buɗe jakarta ba tukuna. Ya dubi mawaƙiyar ya ce, "'Yata, karanta mini baitocin da baki, ba da waƙa ba." Ta karanta. Ya tambaye ta wane layi ne idan mutum ya manta komai take so ya tafi gida da shi. Sannan ya juyo gare ni: "Ɗana, a kunnena ka ɗaga mini muryarta da gangar ƙafa, ka rage fiyano."

Sau biyu muka ɗauka, ya ce ya gama. Gaskiya raina bai so ba. Na ce a zuciyata, wannan ai ni ma zan iya dannawa a fiyano, don me za a biya kuɗin mota tun daga Bukuru? Maigida ya ga fuskata, bai ce komai ba, ya bari waƙar ta kai tsakiyar amshi, ya miƙa hannu ya kashe layin bes. Kamar an zare wa rumfa ginshiƙi. Ganga ta koma ƙwanƙwasar kwano, muryar ta rasa inda za ta taka. Ya mayar, komai ya miƙe.

Da daddare na zauna na buɗe hoton sautin Baban a kwamfuta, na faɗaɗa shi, ina neman sirrin. A nan na koyi abin da har yau nake ganin shi ne rabin sana'ar. Ni a da farkon sauti kawai nake dubawa, ko ya faɗo daidai da bugun ganga. Shi kuwa ƙarshen sautin ma kaɗa shi yake yi. Kowane sauti yana da wurin da ya mutu, kuma shi ya kashe shi da gangan, ya ɗan sassauta yatsan hagu ko ya dafa tsirkiyar da na dama. A baiti sautukansa gajeru ne, ya buga ya ɗauke kafin ƙaramar ganga ta faɗo, sai a sami ɗan rami da mai rawa ke jefa kafaɗa a ciki. Da an shiga amshi sai ya sake su su yi tsawo, su haɗe da juna, waƙar ta buɗe kamar an fito fili daga lungu. Sautukan kusan iri ɗaya ne a wurare biyun, tsawonsu kawai ya canza. A kan layin da mawaƙiyar ta ce shi ne zuciyar waƙar kuwa, sauti ɗaya tak ya buga, ya riƙe, ya bar mata hanya.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi tsanani a bes fiye da sauran kayan kiɗa. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita mai huɗu tana karkarwa kimanin sau 41 a daƙiƙa, ta ƙasa a mai biyar kuma kimanin sau 31. Can ƙasan nan gida ne mai ɗaki ɗaya, kuma gangar ƙafa ma a nan take kwana. Idan mai bes bai san lokacin shiga da fita ba, su biyun sukan cakuɗe su zama kunu, kuma babu na'urar da za ta raba su tsaf daga baya. Ga wata matsalar tamu ta gida: yawancin masu jin waƙoƙin da muke yi a sifikar waya suke ji, ko a ƙaramar sifikar mai shago, kuma waɗannan ba sa iya fitar da sautin can ƙasa. Abin da kunne ke kamawa shi ne 'yan sautukan sama da ke rakiyar babban, sai ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Baba bai taɓa yi mini maganar lissafi ba, amma na lura yakan guje wa can ƙasa idan ba dole, kuma yakan matso da hannun dama kusa da gindin jita idan yana son sautin ya yi baki. Ya ce shi dai ya san rediyo.

Sai batun harshe, wanda ban taɓa jin wani malamin kiɗa na intanet ya taɓo shi ba, don ba matsalarsu ba ce. Hausa tana da karin sauti. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, a baki ake raba su, da hawa da sauka da jan wasali. Mawaƙin Hausa ba shi da 'yancin lanƙwasa kalma yadda ya ga dama, kuma idan bes yana yawo a ƙarƙashinsa yana hawa inda kalma ke sauka, mai sauraro zai ji wani abu ya tsaya masa a wuya ko da bai san mene ne ba. Ƙari a kan haka, yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya. Makaɗan Jos da suka tashi a coci da do-re-mi suke magana, sai Baba ya fassara mini da yarensu: ya ce a irin wannan waƙa sautukan "fa" da "ti" baƙi ne, ana gaishe su a wuce, ba a shimfiɗa musu tabarma. Yaron nan kuwa duk salon da ya kwaso na mawaƙan cocin Amurka ne, cike da 'yan sautukan tsakani. Suna da daɗi a gidansu.

Daga baya na shiga bin tarihin masu wannan aiki, makaɗan haya da ake kira su kaɗa wa waƙar wani su karɓi kuɗinsu su tafi. Kayan aikin kansa ba tsoho ba ne can: a 1951 Leo Fender ya fitar da jitar bes ta lantarki da ya kira Precision, saboda gaɓoɓin ƙarfen da ke wuyanta suna sa a faɗa kan sauti daidai, saɓanin babban bes na tsaye da ba shi da su. Wanda ake yawan kira uban gidan sana'ar shi ne James Jamerson, na kamfanin waƙoƙi na Motown a Detroit ta Amurka. Da yatsa ɗaya yake kaɗawa, manuni, kuma ba ya canza tsirkiya sai ta tsinke, da tsohuwar zuma yake magani. Ya kaɗa a waƙoƙin da suka zagaye duniya, amma kamfanin bai saba rubuta sunayen makaɗa a jikin faifai ba, sai a 1971 sunansa ya fito a wani faifan Marvin Gaye. Ya rasu a 1983. Abin da ya ba ni mamaki da na saurare shi shi ne ba mai ƙarancin sauti ba ne ko kaɗan, yana yawo sosai, amma bai taɓa taka ƙafar mawaƙi ba. Wannan ya gyara mini wani kuskuren da na fara faɗawa bayan zuwan Baba, na ɗauka duk mai bes na kirki dole ya yi kaɗan. Marigayi Robbie Shakespeare, mai bes na Jamaika, abokin aikin mai ganga Sly Dunbar, yakan maimaita 'yar gajeriyar jimla ɗaya har waƙa ta ƙare ba ka gaji ba. Jamerson da wuya ya maimaita. Dukansu biyu muryar suke bi.

Mu ma ai muna da irinsu tun kafin lantarki. Kowa ya san Mamman Shata, amma mutum nawa ne za su iya lissafa maka masu kalangunsa da 'yan amshinsa? Kuma a garin nan marigayi Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ya nuna abin da tsirkiya ɗaya ta kuntigi za ta iya ɗauka idan mai ita ya san inda zai saka ta.

Sauran abin da na koya ba na yatsa ba ne, na hali ne, kuma ba shi da wani kwarjini. Carol Kaye, wadda ta kaɗa a dubban waƙoƙi a Los Angeles, asalinta mai jita ce ta yau da kullum. A 1963 mai bes ɗin da aka kira wani aiki bai zo ba, aka miƙa mata, shi ke nan ta gaje kujerar. Duk lokacin da makaɗi ya kira ni ya ce yana Farin Gada go-sulo ya riƙe shi alhali na san bai bar gida ba, labarinta nake tunawa. Baba yakan zo da wayar jona jita guda biyu, ko ɗaya za ta yi gardama. A lokacin hunturu, da yake sanyin Jos da bushewar iska suna taɓa katako, kafin kowace ɗauka sai ya sake saita tsirkiyoyinsa ba tare da an ce masa ba. Kuma ba ya musu da mai waƙa. Idan aka ce masa "Baba, a ɗan ƙara masa zaƙi," maganar da ba ta da ma'ana a wurin kowa, sai ya ce to, ya ɗan matsar da hannunsa ya sake bugawa. Leland Sklar, wani tsohon hannu a Amurka, har maɓalli ya sa a jikin jitarsa wanda ba a jona shi da komai ba, don irin waɗannan masu umarni. Ya danna a gabansu, ya canza wurin da yake taɓa tsirkiya, su ce yauwa, haka muke so. Da na ba Baba labarin ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai da kuɗin maɓalli, gyaɗa kai yake yi.

Yaron nan mai tsirkiya biyar har yanzu ina kiransa, musamman idan aikin na dandali ne, inda ido ma yana da rabonsa. A situdiyo dai na daina tafa wa kowa kafin in kwana in tashi in sake ji.

Laifin da ya rage nawa ne. Da waƙar matar nan ta fita, na rubuta sunanta, na rubuta na maigida, na rubuta nawa, na manta da na Baba. Sai da na karanta labarin Jamerson kunya ta kama ni. Ran da ya dawo wani aikin, bayan mun tashi yana naɗe wayarsa a hannu, na ce masa, "Baba, a yafe mini, daga yau duk waƙar da ka taɓa sai sunanka ya fito." Ya zuge jakarsa, ya rataya a kafaɗa, ya leƙa waje ya ga rana ta yi ƙasa.

"Rubuta, ɗana, rubuta," in ji shi. "Amma fara sallamata da kuɗin motar Bukuru, kafin su ƙara."