"Zai zo" ɗin da ta cinye mini la'ada

A Agege ta Legas aka haife ni, Yarabanci tun ina rarrafe nake jinsa, shekara 11 kuma ina dillancin tumatir a kasuwar Mile 12. Shi ya sa abin yake mini ciwo har yau.

Wata Iya, tsohuwar kwastomarmu, ta biya kwando 14 da sassafe, ta ce za ta wuce Ketu, "aburo mi" zai zo ya ɗauka. Kun gani, yanzu ma "zai" ɗin ce ta fito. A Yarabanci aburo na ƙasa da kai ne a haihuwa, ƙane ko ƙanwa, egbon kuma na sama. "O" ɗinsu ita ce shi, ita ce ita. Su shekaru suke dubawa, wa ya girmi wa, babba a kira shi da lamirin jam'i don girmamawa. Mu kuwa Hausa ba ta barin ka buɗe baki sai ka zaɓa: kai ko ke, ne ko ce, zai ko za ta. Ko Turanci da ke da shi da ita bai raba kai da ke ba.

Na juya wajen Alhaji mai kayan na ce, "Alhaji, ƙaninta zai zo ɗauka." Ban tambaya ba. Bakina ne ya yanke hukunci, don a kaina mai zuwa ɗaukar kwando 14 ai namiji ne.

Na tafi duba wata mota da ta iso daga Kano, waya kuma ba caji. Da hantsi wata budurwa ta zo da 'yan dako. Yaron Alhaji ya ce atafau, namiji aka ce masa, kuma da gaskiyarsa, kasuwar nan mun ga 'yan damfara iri-iri. Yarinya ta yi ta bayani, shi Yarabancinsa bai wuce na ciniki ba. Ta yi fushi ta tafi. Kaya suka yini a rana, kafin la'asar na ƙasan kwando ya fara ruwa, ƙudaje sun taru.

Kwando 3 aka ɗora mini. La'adar mako guda ta tafi, ga faɗan Iya a gaban jama'a, wanda na ji kowace kalma tasa sarai.

Abin haushin, Hausa tana da mafita, kullum muna faɗinta: "za a zo ɗauka", "za ta turo". Da haka na ce da shi ke nan. Wani abokina Babarbare da na ba shi labari dariya ya yi, ya ce su a Barbarci "shi" ɗaya ce ga mace da namiji, shi ya sa farkon koyon Hausarsa yake ce wa mata "kai".

Yanzu ko omo (ɗa ko 'ya) aka ce ko aburo, sai na tsaya na tambaya: okunrin ne ko obinrin, wato namiji ne ko mace? In sami suna da lambar waya, in rubuta a jikin rasit. Alhaji dai bai bar ni na huta ba. Duk sanda na kawo masa saƙo sai ya ɗago ido daga carbi ya ce, "Malam tafinta, zai zo ne ko za ta zo?"