Abin da Badalar Kano ta Koya Mini Game da Tsare Wuraren Tarihi

A shekarata ta ƙarshe a karatun tarihi, malamin da ke duba aikina ya ɗora mini binciken yadda Najeriya take tantance wuraren tarihinta da yadda take kare su, ya kuma gindaya mini sharaɗin cewa ba zai karɓi aikin da aka fara aka gama a ɗakin karatu ba. Saboda haka na raba lokacina biyu. Da safe ina kan takardu da dokoki, da yamma kuma ina bin gindin badalar Kano da igiyar awo da littafin rubutu, ina auna abin da ya rage na wani sashe da ke tsakanin ƙofofi biyu. Na shiga aikin da yaƙinin cewa duk wurin da hukuma ta rubuta sunansa a jerin kayan tarihin ƙasa ya tsira ke nan, kuma wannan yaƙinin ne abu na farko da aikin ya raba ni da shi.

A takarda tsarin yana da kyau, kuma bai kamata a raina waɗanda suka kafa shi ba. Tun 1943 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe sashen kula da kayan tarihi a ƙarƙashin Kenneth Murray, a 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, a 1953 aka yi dokar farko ta kayan tarihi, sannan a 1979 doka ta 77 ta mulkin soja ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda har yau ita ce ke da alhakin wannan aiki. Idan hukumar ta ga wani gini ko kufai ko dutse ya cancanci kariya, sai ta buga sanarwa a jaridar gwamnati, a ba mai wurin damar ƙorafi idan yana da shi, sannan a ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa. Daga ranar kuwa haramun ne a rushe shi, ko a sauya masa kama, ko a haƙa a cikinsa ba da izini ba. Dokar ta kuma ɗauki aikin hannun gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, wanda ba a fita da shi ƙasar waje sai da takardar izini. Ta wannan hanya ce Gidan Makama na Kano, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da zanen duwatsun Birnin Kudu, da ita kanta ganuwar Kano da ƙofofinta suka shiga jerin. Akwai kuma mataki na sama, wato jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO, wanda yarjejeniyar 1972 ta kafa. Ƙasa takan fara rubuta wurin a jerin jira, ta haɗa bayanin darajarsa da iyakokinsa da tsarin kula da shi, masana su zo su duba, sannan kwamiti ya yanke hukunci. Najeriya tana da wurare biyu da suka haye: Sukur ta jihar Adamawa a 1999, da kurmin Osun na Oshogbo a 2005. Ganuwar Kano kuwa tun 2007 take jerin jira.

Ranar da na fara awo na tarar da abin da babu littafin da ya shirya ni ganinsa. Ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, a sashen da aka ba ni ta koma tudu mai tsayin ƙirjin mutum a wasu wurare, a wasu kuma sai an nuna maka kafin ka yarda cewa gini ne. Ruwan sama ya tsaga mata kwari daga sama har ƙasa, awaki sun yi hanya a kanta, an jingina mata katangar bulo ta wani gida, kuma a gefe guda akwai rami sabo fil, da sawun shebur a jikinsa, inda wani ya ɗebi ƙasa a amalanke. Da na sa yatsa a ramin sai na ji tubalan da, masu siffar ƙwai, a jere kamar yadda maginin ya aza su ɗaruruwan shekaru da suka wuce, da guntayen ciyawar da aka kwaɓa ƙasar da ita. Na daɗe a tsugune a wurin. Abin da ya dame ni shi ne duk wanda ya wuce ya san wannan badala ce, ya san sarakuna ne suka gina ta, amma babu wanda yake jin cewa gyaranta yana wuyansa.

Wani dattijo magini da ke zama a wani zaure kusa da wurin shi ne ya warware mini matsalar, bayan ya yi kwanaki yana kallona ina kai da kawowa. Da na gaishe shi na yi masa bayanin aikina, na ce masa, "Baba, ai wannan ganuwa gwamnati ta sa ta a doka, babu mai ikon taɓa ta." Ya ce, "Ɗan nan, ginin ƙasa ai taɓawa yake so. Wanda aka hana taɓawa, damina ce za ta taɓa shi." Daga nan ya shiga koya mini sana'arsa: yadda ake zaɓen birji, a kwaɓa a bar shi ya kwana ya ruɓa kafin a yi tubali, yadda ake jiƙa makuba daga kwasfar ɗorawa a yi yaɓen da ruwa ba ya ci da wuri, yadda ake haɗa laso da katsin marina a shafe kan soro, yadda ake duba indararo kafin ruwan farko, domin indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya ruɓar da azara ya kawo rufi ƙasa. Ya ce a gidan ubangidansa ba a taɓa barin rani ya wuce ba a yi yaɓe ba.

Wannan bayani ne ya sa na fahimci ainihin abin da ya sami ganuwar. Muddin tana tsare gari daga mahara, gyaranta aikin sarauta ne da na jama'a, kuma ana fita a yi shi saboda ran kowa yana bayanta. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai amfaninta na yaƙi ya ƙare, dalilin gyaranta ya bi shi, aka bar ta da doka kawai. Doka kuwa tana iya hana rushewa da gangan, idan an sami mai tsayawa a kanta, amma ba ta kwaɓa ƙasa. Ita ma hanawar ba ta da kaifi, domin tarar da aka yanka da darajar kuɗin 1979 ba ta firgita mai neman fili a tsakiyar birnin da kowane taku yake da tsada, kuma ma'aikatan hukumar ba su da yawan da za su tsaya a kan ganuwa mai tsawon kilomita da yawa dare da rana. Hatta ƙofofin ba su tsira ba, don an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 saboda faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta.

Da na koma kan takardun Sukur da wannan sabon ido, sai na ga dalilin da ya sa ta tsaya. Gari ne a kan tsaunukan Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali, mai fadar sarki da ake kira Hidi wadda aka gina da duwatsu, da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse daga gindin tsauni zuwa sama, da gonaki hawa-hawa a jikin tudu, da kufan matoyar ƙarfe. Abin da aka rubuta a jerin duniya ya haɗa da mutanen da al'adarsu, domin su ne suke noma gonakin, suke taka hanyoyin, suke haɗuwa su gyara abin da ya zube. Ko bayan harin da 'yan Boko Haram suka kai yankin a 2014, mutanen garin ne ginshiƙin gyaran da aka yi. Haka abin yake a Jenne ta ƙasar Mali, inda duk shekara gari yake fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallacin ƙasa a yini guda, mata suna kawo ruwa, samari suna hawa kan itatuwan da aka bari a jikin ginin domin wannan aiki. A ganina, wannan gayyar ta fi kowace takarda tsare masallacin.

Ta fuskar gano wuraren ma sai na ga haka take. Na ɗauka masana ne ke fita su binciko su, ashe mafi yawan manyan abubuwan da muke alfahari da su talakawa ne suka fara cin karo da su a bakin aikinsu. Masu haƙar kuza ne suka tono mutum-mutumin yumɓu na Nok a 1928, kuma kan mutum-mutumin da ya ja hankalin masanin kayan tarihi Bernard Fagg a 1943 sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin a kai masa shi. Kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wani Bafulatani makiyayi ne ya same shi a 1987 yana haƙa rijiya, ya sanar, labari ya bi ta hannun masu sarauta har ya kai ga hukuma, masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka zo suka tono shi. Da ya yi shiru, da shi ke nan. Kuma mun san yawan kayan Nok da aka haƙe a ɓoye aka sayar wa dillalai aka fita da su Turai, saboda mai gonar ya ga dillali ya zo da kuɗi a hannu alhali bai taɓa ganin ma'aikacin gidan tarihi ba. Tun daga nan na daina ɗaukar mai unguwa da dagaci da limami a matsayin waɗanda ake gaisarwa don neman izinin shiga gari kawai; su ne matakin farko na tantancewar.

Dole in faɗi inda abin ya fi wuya, don kada a ɗauka ina ganin gayya kaɗai za ta magance komai. Mutumin da ya jingina ɗakinsa da badala yana da iyali da ba shi da inda zai kai su, kuma jama'ar da ke son a sa wa masallacinsu siminti suna tsoron rufi ne a kansu. Tsoron nan ba na banza ba ne. Babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830 da bakan gizo da ɗaurin guga irin wanda masana gini na duniya suke zuwa kallo, wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, aka rasa rayuka. Wanda ya ji wannan ba zai yi wa mutane wa'azin riƙe tsohon gini da baki kawai ba. Abin da nake gani shi ne, ginin ƙasa da jama'a ke shiga yana bukatar mai duba shi kowace shekara wanda ya san ƙasa da azara, kuma irin waɗannan magina suna tsufa ba tare da magada ba. Da ni ake shawara, da na ce a ɗauki Sarkin Magina da yaransa aiki na dindindin a kowane wuri da aka ayyana, a biya su kamar yadda ake biyan injiniya, a kuma sa matasan unguwa su koya a hannunsu. Siminti a jikin ƙasa ma ba magani ba ne, don dattijon nan ya nuna mini bangon da aka yi wa haka: danshi ya taru a bayan simintin, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, rana ɗaya fatar ta ɓalle gaba ɗaya.

Akwai aikin da na raina da farko, na dawo ina girmama shi, wato awo da zane da ɗaukar hoto. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiyar Najeriya tare da ɗalibansa, kuma daga wannan aiki ne aka gina kwafin masallacin Zariya da na wani sashen ganuwar Kano a gidan tarihin gine-gine na Jos. Wasu gidajen da ya auna yau babu su sai a zanensa. Wannan ya sa na daina gaggawa a kan littafina, ina rubuta tsayi da kauri a kowane taku ashirin, ina sa kwanan wata, ina rubuta sunan da mutanen unguwa ke kiran kowane lungu da kududdufi.

Bayan damina na koma sashen nawa don in sake awo kafin in miƙa aikin. Ramin shebur ya faɗaɗa, kuma a wurare uku tsayin ya ragu da kusan kamu ɗaya. A wuri guda ne kawai na tarar da sabon yaɓe, daidai inda badalar ta zama bangon wata makarantar allo. Malamin ya sa almajiransa sun kwaɓa ƙasa sun toshe tsagar, saboda a inuwarta suke karatun hantsi. Na auna wurin, na rubuta, na sa kwanan wata a gefensa.