Tarihin Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, Kashi na Uku: Daga Baga zuwa Malam Fatori

A makon jiya mun tsaya ne a faɗawar Baga hannun Boko Haram ranar 3 ga Janairun 2015. Ba a cika wata biyu ba sojoji suka ƙwato garin, kuma a wannan gumurzu ne sunan Manjo Muhammad Abu Ali ya fito daga bariki ya shiga bakin jama'a. Shi ke jagorantar tankokin yaƙi samfurin T-72.

Wanda bai san tanka ba zai zaci mafaka ce. Mutum uku ne a cikin T-72: direba, mai harbi da kwamanda. Babu mai ɗura harsashi, na'ura ce ke ɗura wa igwarta mai bakin milimita 125. Nauyinta ya haura tan 40, saboda haka a yankin Tafkin Chadi ƙasar ma sai an yi fama da ita. Da rani yashi ya toshe matatar iskar inji. In ba a share ta a kai a kai ba, inji ya ɗau zafi ya mutu ana tsakiyar fafatawa. Da damina laka ta riƙe sarƙar da tankar ke tafiya a kanta. Amma babbar matsalar ita ce gani. Da zarar an rufe murfi, ta 'yan ƙananan gilasai ake leƙe, mai roka a kafaɗa yana iya laɓaɓowa ta gefe ko ta baya, inda sulken ya fi rauni. Shi ya sa ba a sakin tanka ita kaɗai sai da sojojin ƙafa, kuma sau da yawa dole kwamanda ya fito da kansa waje don ya ga fili. Kujerar da Abu Ali ya zauna a kai ke nan.

A Satumbar 2015 babban hafsan sojin ƙasa, Tukur Buratai, ya liƙa masa muƙamin Laftanar Kanar a Gamboru Ngala, a fagen daga.

Daren 4 ga Nuwambar 2016 mayaƙan Boko Haram suka afka wa sansanin sojoji a Malam Fatori, ƙaramar hukumar Abadam, daf da iyakar Nijar. A nan Abu Ali ya kwanta dama tare da wasu dakarun. An yi jana'izarsu a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mako mai zuwa za mu kawo yadda aka yi jana'izar.