Godiya bayan saƙonninmu sun samu hanya

Alhamdulillahi. Imel ɗinmu ya dawo, duka domen ukun (wato sunayen da ke bin alamar @ a adireshin imel) suna karɓa suna aikawa. Kun san abin da aka sha tun da aka yi ƙaura zuwa sabuwar saba (kwamfutar da ke kula da saƙonninmu), ba sai na maimaita ba, ga gajiya ma ba za ta bar ni ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne layin jira. Postfix (manhajar da ke isar da imel ɗinmu), idan ba a sauya masa saiti ba, kwana 5 yake riƙe saƙon da ya kasa isarwa, daga nan sai ya mayar wa mai shi. Duk lokacin da na buga mailq, umarnin da ke nuna layin jiran, sai in ga saƙonnin domen ɗin sashen ciniki suna ƙara tsawo, har da takardun kuɗin da mutane ke jira su biya ma'aikata, wa'adi kuma yana matsowa. Na duba MX, bayanin da ke nuna sabar da ke karɓar saƙon domen, daidai yake. Na buɗe fayil ɗin transport, wanda ke faɗa wa Postfix inda zai kai saƙo, sabon adireshi ne a ciki. Amma sabar ta nace sai ta ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar na'urar da aka riga aka kashe.

Injiniya, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri. Cikin dare na kira ka, ɗanka ba lafiya, amma ba ka ce in bari sai da safe ba. Ka ce in daina karanta abin da ke cikin fayil, in dubi ranar da aka taɓa transport da ranar transport.db. Ashe an gyara na farkon ba a bi shi da postmap ba, umarnin da ke sabunta na biyun daga na farkon, Postfix kuwa na biyun yake karantawa. Na buga postmap, na bi da postqueue -f don a sake gwada aika saƙonnin da ke jira, ina kallo layin ya fara raguwa. Wallahi hannuna rawa yake yi. Kai ne kuma ka hango ɗaya domen ɗin an sa shi a mydestination da virtual_mailbox_domains gaba ɗaya, saiti biyu da bai kamata domen ɗaya ya shiga dukansu ba, shi ya sa sabar ke cewa ba ta san masu akwatin saƙon ba. Allah Ya ba yaro lafiya, Ya raya maka shi, Ya jiƙan mahaifa, Ya buɗa maka ta inda ba ka zato.

Baba mai gadi, da ka hana janareta mutuwa har asuba, ka kawo min shayi ban roƙa ba, Allah Ya sa ka gama lafiya. Hajiya shugabarmu, ko sau ɗaya ba ki ɗaga min murya ba, Allah Ya ƙara girma. Uwargida, na gode da haƙuri.

Akwai 'yan uwan da wannan sana'ar ce abincinsu, sun ga kirana, har yau shiru. Ba komai, Allah Ya bar zumunci.

Duk wanda saƙonsa ya dawo masa a kwanakin nan, don Allah ya sake turowa, yanzu zai shiga.